Girman Kan Jariri Ba Aikin Aljanu Ba Ne

A Aboabo da Asawase da sauran unguwannin zango na Kumasi, har yanzu ana jin masu cewa jaririn da kansa yake girma fiye da ƙima ɗan ruwa ne, ko kuwa jifa aka yi wa uwarsa. Wannan kuskure ne mai tsada, domin watannin da ake ɓatawa wajen turare da jiƙo su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaron take lalacewa.

Ƙwaƙwalwa tana samar da wani ruwa kullum, wanda yake zagayawa sannan ya koma cikin jini. Idan hanyarsa ta toshe sai ya taru, kai ya girma, maɗiga ta kumbura, idanu su riƙa kallon ƙasa. Binciken da Dakta Benjamin Warf ya wallafa a 2005 daga asibitin CURE na Mbale a Yuganda ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na jariran da ya duba, cutar ta biyo bayan kamuwa da ƙwayoyin cuta ne.

Magani tiyata ce: ko a sanya siririn bututu ya kwashe ruwan daga ƙwaƙwalwa zuwa cikin ciki, ko a buɗe masa sabuwar hanya a ƙwaƙwalwa. Akwai likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye na Kumasi da asibitin Korle Bu na Accra. Sai dai bututu yakan toshe, don haka amai ko yawan barci bayan tiyata dalili ne na komawa asibiti nan take, kuma dole a ci gaba da auna kan yaron.