Tawakkali ba naɗe hannu ba ne

A zaurukan cikin birnin Zariya, kai har a majalisun Tudun Wada, an daɗe ana cewa mai tawakkali ba ya tsoro, ba ya shiri. Duka biyun kuskure ne.

Tsoro halitta ne. Annabi Musa (AS) ya ji shi a ransa ranar karawa da bokayen Fir'auna, kamar yadda aya ta 67 ta Suratu Ɗaha ta nuna. Abin zargi shi ne ɗebe ƙauna daga rahamar Allah.

Shiri kuwa, a duba Hijira. Madina na arewa, amma Annabi (SAW) ya fara nufar kudu, ya kwana uku a kogon Sauru, an tanadi raƙuma biyu da ɗan jagora masanin hanya. Bayan duk wannan ne ya ce wa Abubakar kada ya yi baƙin ciki, Allah na tare da su.

Inda kuskuren ya fi ciwo shi ne jinya. Yaro na gudawa, a ce "sai abin da Allah ya yi", har ruwan jikinsa ya ƙare. A tafasa ruwa lita 1, ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana addu'a. Idan idanunsa suka faɗa ko ya kasa sha, a garzaya asibiti, ko na unguwa ko asibitin koyarwa na Shika, kada a jira gari ya waye.