Majalisar Hukumar Kula da Tsabtar Iska ta Kudancin Kalifoniya

Hukumar South Coast AQMD ita ce ke kula da tsabtar iska a gundumar Orange baki ɗayanta da sassan gundumomin Los Angeles, Riverside da San Bernardino a jihar Kalifoniya ta Amurka, yankin da mutane kusan miliyan 17 ke zaune. Hedikwatarta tana garin Diamond Bar.

Asalinta yana komawa ga hayaƙin da ya turnuƙe birnin Los Angeles a watan Yuli na 1943, har wasu mazauna suka zaci harin iskar guba ne, kasancewar ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. A 1947 gundumar Los Angeles ta kafa hukumar yaƙi da gurɓatar iska, irinta ta farko a ƙasar, daga baya maƙwabtanta suka kafa nasu. A farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hasken rana ne ke dafa hayaƙin motoci da na masana'antu ya mai da shi wannan hazo. Da yake iska ba ta tsayawa a kan iyakar gunduma, dokar jiha ta 1976 ta haɗe hukumomin huɗu, sabuwar hukumar kuma ta fara aiki a 1977.

Majalisar da ke gudanar da hukumar tana da kujeru 13, goma daga ciki na zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomi ne. Kowace gunduma tana tura mutum ɗaya daga majalisarta, garuruwa kuma suna da shida: ɗaya-ɗaya ga na Orange, Riverside da San Bernardino, biyu ga gabashi da yammacin gundumar Los Angeles, ɗaya kuma ga birnin Los Angeles kansa, wanda magajin garin ke naɗawa daga cikin kansiloli. Sauran wakilan garuruwan, kwamitocin magadan gari ne ke zaɓensu. Ragowar kujeru uku, gwamna da kakakin majalisar wakilan jiha da kwamitin ƙa'idoji na majalisar dattawan jiha kowa yana cike ɗaya. Wa'adin kowane mamba shekara huɗu ne.

Rinjayen 'yan siyasar ƙananan hukumomi ya jawo muhawara. A 2016, bayan majalisar hukumar ta sallami shugaban ma'aikatanta Barry Wallerstein, an gabatar da ƙudurin ƙara kujeru uku domin unguwannin da gurɓatar iska ta fi addaba, amma bai tsallake majalisar wakilan jiha ba.