Tukunyar daddoya ba ta korar sauro

Tun muna yara ake gaya mana cewa in ka ajiye tukunyar daddoya a bakin ƙofa, sauro ba zai shigo ba. Yanzu an ƙara da ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake jefawa a shayi. Wannan magana tana damuna, domin akwai gidajen da saboda ita suke sakaci da gidan sauro.

Ƙamshin daddoya yana cikin wani mai da ke ɓoye a ƴan ƙananan ƙwayoyi a jikin ganyen. Sai an murza yake fita sosai. Murza ganye ɗaya ka shinshina yatsunka, sannan ka koma taku uku daga tukunyar, za ka ji bambanci. Ɗan abin da iska ke ɗauka bai isa ya hana sauro shigowa ba, wanda aka shafa a fata ma ba ya daɗewa. Abin da ya fi muni, farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunya yana tara ruwa, a lokacin zafi kuwa ƙwan sauro kan zama sauro cikin kamar kwana 10.

Ka shuka daddoya don ƙamshi da miya, tana jure ranar Afrilu in tana samun ruwa da safe. Na'a-na'a kuwa sai an ba ta inuwa bayan azahar. Tukunyar ƙasa mai huda a gindi ta fi baƙin bokitin roba, wanda ke dafa saiwa da rana tsaka. Farantin nan, a riƙa zubar da ruwansa kullum.