Mene ne log, kuma me ya sa mai gyaran manhaja yake fara neman sa?

Idan ka kai ƙorafi wajen masu rubuta manhaja cewa abin da suka haɗa maka ya tsaya jiya da daddare, da wuya su tambaye ka yadda ka ji. Abin da za su ce shi ne, "Bari mu duba log." Kalmar ta zama ruwan dare a bakin matasan da ke wannan sana'a a Kano, daga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero zuwa masu haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafin kaya, har ma da wasu masu gyaran waya a Farm Centre.

Log rubutu ne da manhaja take ajiyewa da kanta yayin da take aiki, layi bayan layi. Kowane layi yana ɗauke da lokacin da abu ya faru, da girman abin, da bayanin yadda ta kaya. Mai amfani da manhajar ba ya ganin sa, yana can cikin fayil a wayar ko a saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da manhajar take magana da ita. Aikin tsara manhaja ta riƙa yin wannan rubutu shi ake kira logging. Layi ɗaya zai iya zama kamar haka: ƙarfe 9:47 da daƙiƙa 3 na dare, kuskure, ciniki mai lamba kaza bai kammala ba, sabar banki ba ta amsa ba cikin daƙiƙa 30. Kamar littafin da yaron shago yake cikewa ne a Kantin Kwari. Babu mai buɗe shi muddin lissafi yana fita daidai, amma ranar da maigida ya ƙirga ya ga dila ɗaya ta yi ɓatan dabo, littafin ne zai nuna wa aka ba kaya, da yaushe.

Dalilin da ya sa ake ji da shi shi ne matsalar manhaja ba ta jiran mai gyara. Takan faru ne a wayar wata baiwar Allah a Kurna, a lokacin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa, ma'ajiyar wayar ta kusa cika, ta kuma danna maɓallin biya sau biyu don haushi. Washegari mai manhajar zai zauna a ofis da intanet mai ƙarfi da sabuwar waya, ya gwada sau goma, komai ya tafi sumul, ya ce, "Ni dai a wajena tana aiki." Kuma gaskiya ya faɗa. Yanayin da ya haifar da matsalar ya wuce, ba zai dawo don a kalle shi ba. Abin da ya rage kawai shi ne abin da manhajar ta rubuta a daidai wannan lokacin. In ba ta rubuta komai ba, sai a koma lalube, a taɓa nan a taɓa can, wani lokaci a gyara abin da bai lalace ba.

Yawancinmu mun taɓa cin moriyar log ba tare da mun sani ba. Ka je wajen mai POS, aka cire kuɗi daga asusunka amma na'ura ta ce ciniki bai yi ba. A jikin takardar da ta fito akwai wata lamba da ake kira RRN, mai lambobi 12, da kuma lambar amsa: 00 na nufin an amince, 51 kuɗin asusu bai kai ba, 55 an sa PIN ba daidai ba, 91 kuma bankin mai kati ko hanyar da ke kaiwa gare shi ba ta amsa ba. Haka in ka tura kuɗi daga wani banki zuwa wani ta tsarin NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya, cinikin yana da lambar shaida da ake kira session ID mai lambobi 30. Kuɗin nan yakan bi ta hannun kwamfutoci da dama kafin ya isa, kowace tana rubuta nata log ɗin, kuma wannan lamba ce take haɗa rubutun nasu wuri ɗaya har a gane a hannun wa abin ya maƙale. Shi ya sa ma'aikacin banki yake dagewa sai ka kawo ta. Takardar cinikin da bai yi ba ta fi ta wanda ya yi buƙatar adanawa, amma ita ce mutane suke fara murƙushewa su jefar.

Ba kowane layi ne yake da nauyi ɗaya ba, don haka akwai matakai. DEBUG bayani ne dalla-dalla na lokacin gwaji, INFO labarin aiki ne na yau da kullum, WARN gargaɗi ne cewa abu bai lalace ba tukuna amma yana hanya, ERROR kuma wani aiki ya gaza. Tsarin ya daɗe. Syslog, wani tsarin rubuta log da Eric Allman ya ƙirƙira a shekarun 1980 don manhajar aika wasiƙu ta Sendmail, yana da matakai takwas daga 0 zuwa 7, kuma har yau sabobin Linux suna amfani da shi. A ganina WARN ne aka fi zalunta. Yakan yi makonni yana cewa ma'ajiya ta kusa cika, babu mai leƙawa, sai ranar da komai ya tsaya cak.

Samun log ba shi ne samun log mai amfani ba. Layin da ya ce "an samu matsala" kawai, ba tare da faɗin wane ciniki, wane mai amfani, wane sashe na manhajar ba, da shi da babu duk ɗaya. Mafi muni shi ne mai rubuta manhaja da zai kama kuskure ya haɗiye shi shiru don kada allo ya nuna abin kunya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mai rubuta komai, har layin da ake nema ya nutse cikin dubbai, fayil ɗin ya kumbura ya cinye ma'ajiyar sabar, log ɗin da kansa ya zama sanadin tsayawar aiki.

Sai batun agogo, wanda yake ba sababbin shiga wahala. Sabobi da yawa suna rubuta lokaci da agogon duniya na UTC, agogon Najeriya kuwa yana gaba da shi da awa ɗaya. Mai shago ya ce abin ya faru ƙarfe 4 na yamma, kai kuma ka je kana neman ƙarfe 4 a log, alhali layin yana ƙarfe 3. Ga kuma tsofaffin kwamfutocin shaguna da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya, rubutun ya hargitse.

Akwai abin da bai halatta ya shiga log ba ko kaɗan: kalmar sirri, PIN, cikakkiyar lambar kati, BVN. Manya ma sun faɗa wannan rami. A watan Mayun 2018 Twitter ya nemi masu amfani da shi su canza kalmar sirrinsu, bayan ya gano cewa wani kuskure yana rubuta kalmomin a fili cikin log na cikin gida. A nan gida kuma, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin kare su, kuma fayil ɗin log bai fita daga ciki ba. Hatta kayan aikin rubuta log ɗin yana iya zama ƙofar ɓarayi. A Disambar 2021 aka bayyana wata ɓaraka a Log4j, kayan rubuta log wanda ɗimbin manhajojin da aka rubuta da yaren kwamfuta na Java suke amfani da shi, inda maharin zai turo wani rubutu na musamman, da zarar an shigar da shi log sai ya samu damar sarrafa sabar.

Mai son gani da idonsa, a Windows akwai Event Viewer, a Linux akwai babban fayil na /var/log, masu manhajar Android kuma suna amfani da Logcat. Wanda kuma ba gyara yake yi ba, ƙorafi kawai zai kai, ya rubuta ranar da ainihin lokacin da abin ya faru, ya ɗauki hoton allon, ya haɗa da lambar ciniki in akwai. Kada kuma ya bari abin ya kwana biyu, domin yawancin sabobi an saita su ne su riƙa goge tsofaffin log bayan wani lokaci don samar wa sababbi wuri.