Waiwaye: Yadda Ƙungiyoyi Suka Koyi Haɗa Hannu Wajen Tare Rikici Kafin Ya Ɓarke

A ranar 11 ga Janairun 1994, kwamandan dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda, Janar Romeo Dallaire, ya aika wa hedikwata saƙon gaggawa cewa ana tara makamai a ɓoye, ana kuma rubuta sunayen 'yan ƙabilar Tutsi a Kigali da nufin hallaka su. Ba a ba shi izinin kai samame ba. Wata uku bayan haka kisan ƙare dangi ya fara, aka kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari, kuma ana tsakiyar zubar da jinin ne Kwamitin Sulhu ya rage dakarun zuwa 270. Abin takaicin shi ne labari bai yi ƙaranci ba, domin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta ankararwa tun 1993, jakadu da ma'aikatan agaji kuma kowa ya ga nasa ɓangaren, amma babu inda aka zauna aka harhaɗa abin da aka sani har ya zama mataki. Binciken haɗin gwiwa na ƙasashe da hukumomin ba da agaji da aka fitar a 1996 ya yanke hukunci mai ɗaci, cewa an fake da kayan agaji aka guje wa matakin siyasa.

Tunanin aiki tare ya girmi wannan masifa. Kundin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya keɓe babi na 8 ga ƙungiyoyin shiyya, sashe na 71 kuma ya buɗe ƙofar tuntuɓar ƙungiyoyi masu zaman kansu. Yaƙin cacar baki ya danne waɗannan tanade-tanade shekaru da dama, har zuwa 1992 da Babban Sakatare Boutros Boutros-Ghali ya gabatar da rahotonsa kan ajandar zaman lafiya, inda ya sanya rigakafi da gina zaman lafiya bayan yaƙi a jeri ɗaya da tura dakaru.

A wannan shekarar ce Mozambik ta nuna wa duniya yadda abin ke aiki a zahiri. Yaƙi tsakanin gwamnatin FRELIMO da 'yan tawayen RENAMO ya ci rayuka kusan miliyan ɗaya, kuma wadda ta buɗe ƙofar sulhu ƙungiyar sa-kai ce ta mabiya ɗariƙar Katolika a birnin Rum, mai suna Sant'Egidio, wadda ba ta da soja, ba ta da baitulmali. Abin da take da shi shi ne amincewar ɓangarorin biyu, saboda ta daɗe tana kai agaji ƙasar. Tun daga 1990 wakilanta biyu suka zauna shiga tsakani tare da babban limamin cocin Katolika na birnin Beira a Mozambik, Jaime Gonçalves, da wakilin gwamnatin Italiya, Mario Raffaelli. Italiya ta ɗauki nauyi, shugabannin maƙwabta suka matsa lamba, aka sa hannu a ranar 4 ga Oktoban 1992, sannan Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura dakaru suka sa ido a kan ajiye makamai har zuwa zaɓen 1994. A ganina, amfanin wannan misali shi ne kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa ya rasa, kuma babu wanda ya nemi ya yi aikin wani.

Bayan Ruwanda aka shiga gina tsare-tsare. A 2001 Babban Sakataren Majalisar na lokacin, Kofi Annan, ya fitar da rahoto kan rigakafin rikicin makamai, ya nemi ƙungiyoyin farar hula su shirya babban taro a kan rawar da za su taka. Daga wannan kira ne GPPAC, haɗakar ƙungiyoyin farar hula ta duniya don rigakafin rikicin makamai, ta samo asali, ta kuma gudanar da taron a hedikwatar Majalisar a Yulin 2005. A Disambar shekarar aka kafa Hukumar Gina Zaman Lafiya, wadda ta fara aiki da Burundi da Saliyo.

Afirka ta Yamma ba ta jira wannan ba, saboda yaƙe-yaƙen Laberiya da Saliyo sun riga sun koya mata. An kafa WANEP, haɗakar ƙungiyoyin farar hula masu aikin gina zaman lafiya a yankin, a 1998, ECOWAS ta amince da yarjejeniyarta ta rigakafin rikici a 1999, daga baya kuma suka ƙulla alaƙa ta yadda masu sa ido na WANEP da ke cikin al'umma ke tura rahoto zuwa tsarin gargaɗi na ECOWAS mai suna ECOWARN. Wannan sabon abu ne, domin ƙungiyar gwamnatoci ta yarda cewa mutumin da ke zaune a gari yakan ji ƙaurin rikici kafin jami'in da ke ofis. A ƙarƙashin wani shirin WANEP ne matan Laberiya, Musulmi da Kirista, suka taru a 2003, da jagorancin Leymah Gbowee da abokan aikinta, suka tare ƙofar zauren da ɓangarorin yaƙin ƙasarsu ke tattaunawar sulhu a Accra, suka ce babu mai fita sai an yi abin da aka zo yi. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a ranar 18 ga Agusta.

Kenya ta ƙara wani darasi a farkon 2008, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya kashe mutane fiye da dubu. Masu son shiga tsakani sun yi yawa, kuma idan suka yi yawa, ɓangarorin rikici kan zaɓi wanda ya fi yi musu daɗin baki. Tarayyar Afirka ta naɗa Annan tare da Graça Machel ta Mozambik da tsohon shugaban Tanzaniya Benjamin Mkapa, sauran ƙasashe da hukumomi suka mara musu baya maimakon kowa ya shimfiɗa tasa tabarmar, ƙungiyoyin cikin gida kuma suka riƙa kai musu shawarwari. A ranar 28 ga Fabrairu shugaban ƙasa Mwai Kibaki da jagoran adawa Raila Odinga suka amince da raba mulki.

Duk da haka, giɓin da ke tsakanin gargaɗi da ɗaukar mataki bai rufe ba. Rahoto yakan isa a kan lokaci, amma gwamnatoci ba sa son a ce ƙasarsu na gab da rikici, sai a yi shiru har abin ya zama ihu bayan hari. Akwai kuma matsalar kuɗi, wadda ke mayar da abokan aiki kishiyoyin juna, tunda daga hannun masu ba da tallafi ƙalilan kowa ke nema, kuma sau da yawa babbar ƙungiya daga waje ce ke karɓar kuɗin ta tsara aikin, ta bar wa ƙaramar ƙungiyar gida haɗarin shiga fili. Kudurorin da Kwamitin Sulhu da Babban Zauren Majalisar suka zartar a Afrilun 2016 sun ɗora wa kowa alhakin ɗorewar zaman lafiya, amma sai a Disambar 2023 aka amince a riƙa ware wa Asusun Gina Zaman Lafiya na Majalisar dala miliyan 50 a shekara daga kuɗin da ya wajaba ƙasashe su biya, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da abin da yaƙi ɗaya ke laƙumewa. A watan da wannan kuɗi ya fara aiki, wato Janairun 2025, ficewar Mali da Burkina Faso da Nijar daga ECOWAS ta tabbata, kuma a nan ne yankin ya fi buƙatar musayar bayanai a kan iyakoki.