Mene ne samfurin dabba a binciken cutar kumburin hanji?

Samfurin dabba shi ne dabbar da masu bincike ke haddasa wa ciwo irin na ɗan Adam da gangan, domin su ga yadda ciwon yake somawa, su kuma gwada magani a kanta kafin a kai ga majiyyaci. Cutar kumburin hanji na daga cikin waɗanda suka fi buƙatar wannan hanya, saboda ba ta da sanadi guda. Iri biyu ce: cutar Crohn, wadda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, kuma tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, sai kuma gyambon babban hanji. Dukansu kan zo da gudawa, wani lokaci da jini, da murɗawar ciki da rama, su lafa su sake tasowa.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce zuba wani sinadari mai suna dextran sodium sulfate (DSS) a ruwan shan ɓeraye, wadda masana a Japan suka bayyana a 1990. Cikin mako guda sinadarin yakan lalata fatar cikin hanji, ɓera ya rame, jini ya bayyana a kashinsa. Tana da sauƙi da sauri, amma abin da take nunawa rauni ne da yadda yake warkewa, ba cutar da mutum ke fama da ita shekara da shekaru ba.

Wadda ta fi ba da haske, a ganina, ita ce ta 1993, lokacin da masana a Jamus suka samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gado mai suna IL-10, wadda aikinta shi ne kwantar da garkuwar jiki idan ta harzuƙa. Waɗannan ɓeraye sun kamu da kumburin hanji ba tare da an ba su komai ba. Daga baya aka rene su a wurin da babu ƙwayoyin cuta ko kaɗan, sai ciwon ya ƙi tasowa. Nan aka gane cewa gado shi kaɗai bai isa ba, sai garkuwar jiki ta yi arangama da ƙwayoyin da ke zaune a hanji tun asali.

Duk da haka, ɓera ba mutum ba ne, kuma majiyyata sun ɗanɗana wannan bambanci. An sa rai cewa toshe IL-17, wani sinadarin garkuwar jiki da ke rura kumburi, zai taimaka, amma da aka gwada maganin secukinumab, wanda ke toshe shi, a kan masu cutar Crohn, sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna bai yi amfani ba, wasu ma ciwonsu ƙaruwa ya yi. Shi ya sa mai bincike na ƙwarai ba ya dogara da samfuri ɗaya, kuma tun da dabbobin suna shan wahala ta gaske, wajibi ne ya rage yawansu, ya sassauta musu raɗaɗi, ya koma ga ƙwayoyin halittar hanjin ɗan Adam da ake renonsu a ɗakin gwaji duk inda za su iya amsa tambayarsa.