Hayaluronan, Juna Biyu da Ciwon Daji: Amsoshin Tambayoyin da Kuke Ta Maimaitawa

Mene ne hayaluronan?

Sinadari ne mai yauƙi wanda jiki ke haɗawa da kansa domin riƙe ruwa a fata, gaɓoɓi, ƙwayar ido da igiyar cibiya. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara fitar da shi daga idon saniya a shekarar 1934.

An ce yana haddasa ciwon daji, gaskiya ne?

Don Allah ku daina yaɗa wannan magana. Babban mutum yana ɗauke da kusan giram 15 nasa a jiki, kuma lafiyarsa ƙalau. Abin da aka gano shi ne, wasu ƙullutai, musamman na nono da na gaɓar da ke samar da insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini), suna tara shi a kewayensu, sai ya kumbura da ruwa ya matse jijiyoyin jini, har magani ya sha wahalar isa wurin. An gwada maganin da ke narkar da shi, mai suna PEGPH20, amma a 2019 gwajin ya nuna bai ƙara wa majinyata tsawon rai ba.

Ina da ciki, ko kuma ana yi mini jinyar ciwon daji. Zan iya shafa man da aka rubuta sunansa a jiki?

Hajiya, wannan ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta. Idan hayaluronan ne zalla, galibin likitoci ba su ganin matsala a shafa shi, domin yawancinsa a saman fata yake tsayawa. Sai dai man da ake saya a kasuwar Sabon Gari ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Ki juya kwalbar ki karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, ki kuma nemi lambar NAFDAC. Idan akwai retinol (wani sinadarin gyaran fata) ko sinadaran bilicin, ki ajiye shi, domin su ne abin tsoro ga mai ciki. Haɗin da aka ɗura a roba ba tare da takarda ba kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Allurar cika fuska da ake yi da hayaluronan wani batu ne daban, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce a jira sai bayan haihuwa. Wadda ake gasa wa ƙari da na'ura kada ta shafa komai a wurin sai da izinin likitanta, haka kuma ƙwayoyin hayaluronan na haɗiya, ta kai su asibiti a duba tukuna.

Yana da amfani ga haihuwa?

Ƙwarai kuwa. Shi ne ke lulluɓe ƙwan mace, kuma yana ƙaruwa a bakin mahaifa gab da naƙuda domin ya yi laushi ya buɗe.

To in sha shi domin naƙuda ta zo da sauƙi?

A'a. Jikinki yana haɗa nasa a lokacin da ya dace. Ki ci gaba da zuwa awo.